Ciki Ya Tsufa: Yadda Ake Gane Naƙuda Da Lokacin Da Za A Fito Da Mota

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar mai ciki za mu yi, a watanta na ƙarshe. Na san wani saurayin har ya ɗaga yatsa zai wuce, yana cewa shi ina ruwansa, ko lefe bai haɗa ba. Ɗan dakata malam. In naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare a Tarai ko a Rurum, wa ake tasa daga barci? Kai ne. Kai ke da babur, kai ke da waya mai caji, kai ka san lambar mai mota. Ke ma 'yar'uwa, ke ce ke kwana ɗaki ɗaya da yayarki in ta zo goyon ciki, ke ce za ki fara ganin ta dafe ƙugu tana cije leɓe. To gara a ce kun san abin da kuke gani. Ni ba likita ba ne, abin da malaman asibiti ke faɗa a wurin awo na tattaro na zo da shi, da abin da na karanta, da abin da muke gani a garuruwanmu na Rano da Kibiya.

Bari mu fara da lissafi, don a nan ake fara samun saɓani tsakanin gida da asibiti. A gida da wata ake ƙirga: ta ɗauka a watan azumi, to a jira wata tara da 'yan kwanaki. Asibiti kuma da mako suke ƙirga, daga ranar farko ta jinin al'adarta na ƙarshe. Mako 40, wato kwana 280, shi ne ranar da ake rubuta mata a kati. Amma ranar nan hasashe ce kawai. A cikin mata 100, kamar 4 ko 5 ne ke haihuwa daidai ranar. Daga mako 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne. Wanda ya zo kafin mako 37 shi ne bakwaini. In kuma aka kai mako 41 shiru, sai a koma asibiti a duba, domin mabiyiyar da ke ciyar da ɗan ita ma tana tsufa, aikinta yana raguwa.

Me ɗan ke yi a ciki a waɗannan makonnin? Mutane suna ɗauka ya gama haɗuwa, zaman jira kawai yake. A'a, aiki yake sosai. Ƙiba yake tarawa, kusan giram 200 duk mako, har ya kai kilo biyu da rabi zuwa huɗu, tsawonsa wajen santimita 50. Kitsen nan shi zai riƙe masa ɗumi in ya fito, musamman ɗan da aka haifa cikin hunturu. Huhunsa yana ƙarasa nuna, yana samar da wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa in ya fara numfashi. Rashin isasshen ruwan nan ne ke sa bakwaini wahalar numfashi. Ƙwaƙwalwa kuwa, a mako 35 nauyinta kamar kashi biyu cikin uku ne na abin da za ta kai a mako 39 zuwa 40. Ku duba fa, cikin wata guda. Shi ya sa duk wani jiƙo ko ƙwaya da za a ba mace wai don ta sauka da wuri ta huta, ɗan ake cuta. A wannan lokacin ne kuma uwa ke tura masa garkuwar jikinta ta mabiyiya, har da ta allurar tetanus da ake yi mata wurin awo, da sinadarin ƙarfe da zai yi amfani da shi watannin farko.

Ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba tukuna, an bar su haka ne don su ɗan hau juna ya samu wucewa. Yawancin 'ya'ya zuwa mako 36 sun juya kai ƙasa. Kamar 3 zuwa 4 cikin 100 ne ke zama a zaune, wasu ƙalilan kuma a gicciye. Wanda ke gicciye ba ya fitowa ta hanya ko da za a kwana bakwai ana naƙuda, sai an yi aiki. Kuma ana gane wannan tun kafin ranar, ma'aikaciyar lafiya ta taɓa cikin da hannu ko a yi hoto. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ce a riƙa zuwa awo aƙalla sau 8, kuma biyar daga ciki a ƙarshe suke: mako 30, 34, 36, 38 da 40. Mu kuma a nan muke yin akasi. Mace ta je sau biyu ta karɓi kati da gidan sauro, ciki na yin nauyi sai ta daina, a ce ai ta gaji, ga kuɗin mota. Gaskiya ne akwai gajiya, akwai kuɗin mota. Amma awon ƙarshen nan shi ne wanda ake kama hawan jini da kwanciyar ɗa.

Akwai wata magana da nake so mu kashe ta yau: wai in haihuwa ta kusa ɗa yana rage motsi saboda wuri ya yi masa kaɗan. Yanayin motsin ne ke canzawa, harbi ya koma miƙa da juyi, amma ɗa mai lafiya yana motsi har cikin naƙuda. Uwa ta san ɗanta, ta san lokacin da ya saba tashi. In ta ce yau ba ta ji shi kamar kullum ba, ranar za a je asibiti. Kada a ce a bari zuwa gobe, kada a ce barci yake.

To yanzu alamomi. Akwai waɗanda ke nuna an kusa, akwai waɗanda ke nuna an fara, kuma rikita su ne ke sa ko dai a yi ta zarya a banza har a gaji, ko a zauna har lokaci ya ƙure.

Ciki yakan sauka. Kan ɗan ya shige ƙugu, sai ta ji numfashi ya yi mata sauƙi, ƙwannafi ya ragu, amma fitsari ya dame ta, tafiya ta zama sai a hankali. Ga mai cikin fari wannan yana iya faruwa mako biyu zuwa huɗu kafin haihuwa. Ga wadda ta saba haihuwa sau da yawa sai naƙuda ta fara. Sai kuma naƙudar ƙarya: ciki ya ɗaure ya yi tauri kamar dutse, ya saki. Ba ta da tsari, ba ta ƙaruwa, in ta sha ruwa ta kwanta ko ta canza zama sai ta lafa. Ta gaske kuwa ba ta jin lallashi. Takan taso daga baya ta zagayo mara, ta zo ta tafi a kan lokaci, tazarar tana raguwa, ciwon yana daɗewa, yana ƙara ƙarfi, har ta kai in ya zo ba ta iya magana. Nan ne wayarka za ta yi amfani. Duba agogo: daga farkon wannan ciwon zuwa farkon na gaba minti nawa? In kun ga yana zuwa a jere duk minti 10, wanda ke nesa da asibiti ya fara haɗa kaya ya kira mota. Wanda ke Rano cikin gari, kusa da Babban Asibiti, yana da ɗan sarari. Wanda ke ƙauyen Kahu ko Zurgu a watan Agusta, hanya ta jiƙe, rafi ya kawo, lissafinsa daban ne. Matar da ta haihu huɗu ko biyar kuma naƙudarta tana iya yin sauri ƙwarai, ita ba a jira da ita.

Sai abin da iyayenmu ke kira zaƙi. Wata majina ce mai yauƙi, wani lokacin da ɗan jirwayen jini, wadda ta toshe bakin mahaifa tsawon watannin nan don kada ƙwayoyin cuta su shiga. In bakin mahaifa ya fara laushi sai ta fito. Tana iya fitowa kwanaki kafin naƙuda, tana iya fitowa ranar. A al'adance ana cewa shan zaƙi ne ya taru, shi ke tsare haihuwa, sai an sha magani ya zube. Ina girmama iyayenmu, sun riƙe haihuwa tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan. Amma majinar nan ba sukari ba ce, ba rake ba ne, kowace mai ciki a duniya tana da ita, kuma da kanta take fita. Abin tsoron shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, da kuma allurar naƙuda ko ƙwayar da ake saya a kemis a ba mace a gida. Magungunan nan suna sa mahaifa ta matsa da ƙarfi. In hanya a buɗe take, a hannun wanda ya iya, suna da amfani. In ɗa a gicciye yake ko ƙugu ya yi masa kaɗan, mahaifar ce ke fashewa. A asibiti ma sai ana tsaye a kanta ana auna bugun zuciyar ɗan ake sa ruwan naƙuda.

Fashewar faya ita ce alamar da ba a shawara a kanta. Ruwa ya zubo da yawa lokaci ɗaya, ko ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan ba ta iya riƙe shi kamar fitsari. Ko babu ciwo ko kaɗan, a tafi. Dalili biyu ne. Na farko, rigar da ke kare ɗan ta yage, duk awar da ta wuce ƙwayoyin cuta suna samun hanya. Na biyu, igiyar cibiya tana iya zamowa ta riga kan fitowa, kan ya danne ta, iska ta yanke wa ɗan. Ku lura da lokacin da ta fashe, ku lura da kalar ruwan. Fari tas ko mai ɗan ruwan hoda, haka ya kamata. Kore, ko ruwan ƙasa, ko mai wari, yana nuna ɗan ya yi kashi a ciki, wataƙila ya galabaita. Wannan ba jiran gari ya waye. Kuma daga nan kada a sa hannu ko wani abu a gabanta.

Ita naƙudar, abin da ke faruwa shi ne bakin mahaifa yana buɗewa har santimita 10. Daga farko zuwa santimita 5 yana iya jan lokaci, musamman ga mai cikin fari. Daga 5 zuwa 10 yawanci ba ya wuce awa 12 a haihuwar fari, awa 10 a na baya. Sai yunƙuri, sai mabiyiya. Ƙa'idar da ake koya wa mutanen karkara mai sauƙin riƙewa ce: kada rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa a gida. Awa 12 ana naƙuda mai ƙarfi babu haihuwa, akwai abin da ya tsare. Kuma yunƙuri kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa kumbura shi yake yi, ya gajiyar da ita. Wannan "yi nishi, yi nishi" da ake yi wa yarinya tun ciwo na farko, ba taimako ba ne.

In kan ɗa ya daɗe a maƙale, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, doguwar naƙuda ce. Sau da yawa ɗan ma an rasa shi. Ana gyara shi, akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala cikin birni, akwai Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana yi wa dubban mata aiki. Amma ku tambayi duk wadda ta yi jinyar nan abin da ta gani a gidan miji kafin ta kai can.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don ga wurin da muka fi asara. Ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko wasu taurari-taurari, kumburin fuska da hannuwa, zafi a saman ciki wajen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Kumburin ƙafa da yamma yawancin masu ciki suna yi. Amma ta tashi da safe fuska a kumbure, zobe ya ƙi fita, wannan hawan jinin ciki ne har sai an auna an ce ba shi ba ne. Abin da ke biyo bayansa shi ne jijjiga. Kuma mun san abin da ake yi a gidajenmu in mai ciki ta faɗi tana jijjiga: a ce aljanu, a kawo hayaƙi, a danna cokali a baki, a ɗura ruwa. Duk wannan ƙara mata haɗari yake. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, a ɗauke ta. Addu'a a yi ta a cikin mota, babu wanda ya hana.

Maganin jijjiga yana nan, kuma a jiharmu aka nuna aikinsa. A 2008 aka shigar da allurar magneziyam salfet a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, aka horar da ma'aikata, cikin waɗanda suka jagoranci aikin har da Dakta Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin nan, cikin mata 100 da suka zo da jijjiga kusan 21 ne ke mutuwa. Bayan an fara amfani da allurar adadin ya sauko zuwa kusan 2. Allura ce mai araha. Abin da ba ta iyawa shi ne ta zo gida ta same ta.

Jini ma haka. Jirwaye a cikin majina daban, jini ja yana zuba kafin haihuwa daban, ko da ciwo ko babu. Wani lokacin mabiyiya ce ta zauna a bakin mahaifa, wani lokacin ta fara ɓanɓarewa kafin lokaci. Bayan haihuwa kuma, in jinin ya kai rabin lita an shiga haɗari, kuma mace tana iya tafiya cikin awa biyu. Rabin lita fa, ledar fiyawota ɗaya. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini a zani. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin waɗanda suka gudanar da binciken E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace a ga adadin jinin da ya zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ungozomar gida, komai ƙwarewarta, ba ta da ledar nan, ba ta da jinin ƙari. Haka in mabiyiya ta wuce rabin awa zuwa awa ɗaya ba ta faɗo ba, kada a ja igiya, kada a tura mata muciya a baki don ta yi kakari. Zazzaɓi mai zafi da numfashi sama-sama su ma na tafiya ne nan take.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun na gwamnati ne, kuma ba za mu daina magana a kansa ba. Ba daidai ba ne mace ta isa asibiti da dare a ce babu ma'aikaci, ko babu wuta, ko a daka mata tsawa tana cikin ciwo har ta rantse ba ta ƙara zuwa. Amma na farko da rabin na biyu a cikin gidajenmu suke.

Na farkon kuma kunya ce ke ciyar da shi. Yarinya mai cikin fari an koya mata cewa jarumta ita ce a ji kukan jariri kawai ba a ji nata ba. Sai ta kwana tana murƙususu ba ta faɗa wa kowa ba. Ga kuma izini: maigida ya tafi Legas ko Abuja neman kuɗi, wayarsa a kashe, babu wanda zai ce a tafi. Magidanta matasa, don Allah ku bar izinin nan tun yanzu, a gaban Hajiya ko Inna, da bakinku: in abu ya taso a kai ta, ko ina nan ko ba na nan. Ku bar kuɗi a hannun wanda ke kwana a gidan. Kano ta fara shirin haihuwa kyauta tun 2001, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin fiɗa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarsa. To amma ku tambaya a wurin awo me ake bayarwa a asibitinku, me za ku zo da shi, don man mota da wasu kayayyakin suna nan a kanku.

Lambar direba biyu, ba ɗaya ba. Mutum biyu ko uku da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda za su bayar. Wannan aikin majalisar samari ne, ku da kuke zaman shayi kullum. Katin awo, zannuwa masu tsabta da kayan jariri a jaka ɗaya tun mako 36. A kuma san tun wuri: in asibitin kusa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ina za a nufa? Daga Kibiya a zo Rano, daga Rano in ta kama a bi ta Bunkure a shiga birni, tafiyar awa guda ko fiye. Wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai tagwaye, da wadda aka ce ɗanta bai juya ba, da mai hawan jini, da yarinya ƙarama mai cikin fari, waɗannan tun farko a babban asibiti ya kamata su haihu, in da hali ma su koma gidan dangi kusa da shi in watan ya kama.

Masu ciki da ke bibiyarmu, Allah ya raba lafiya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.